Wasiƙa ga Auta, kafin ku bar Las Palmas

Hamble, kusa da Southampton,
Ingila.

Ƙanena Auta,

Antinka tana gaishe ka da kyau. Yara kuwa tunda suka ji Baffansu zai ƙetare Atlantika a jirgi mai filafilai suka hana kowa sakat da tambaya. Ranar Juma'a na yi waya da Hajiya, ta ce in ja maka kunne. Ita dai abin da ta sani za ka shiga ruwa, ban tsaya yi mata lissafin mil 2,700 da ke tsakanin Las Palmas da Sent Lusiya ba, ban kuma ce mata mako uku za ku yi ba ku ga ƙasa ba. Kai ma kada ka faɗa mata sai kun sauka.

Saƙonka ya iso tare da hotunan. Da gangan na ƙi amsa maka da saƙon murya, na zauna na rubuta, don ina so ka buga takardar nan ka ninke ta a aljihun jakarka. A tsakiyar teku ba za ka same ni a waya ba.

Ka ce ranar da kuka fita gwaji, da iska ta cika filafilai jirgin ya kishingiɗa, sai ka ga ruwa yana ɓulɓulowa ta maƙogwaron sinkin kicin har ya tumbatsa ya zubo maka a ƙafa. Da ka gaya wa kyaftin sai ya yi dariya, ya ce duk jirage haka suke, ka sa marfin roba ka toshe. Rabin maganarsa gaskiya ce, jirage da yawa suna yin haka. Amma marfin roba ba ya maganin komai, ruwan zai cilla shi ne a karon farko da igiya ta daki gefen jirgin. Kuma abin da na gani a hoton da ka ɗauka ƙarƙashin sinkin ya fi ruwan da ya jiƙa maka ƙafa tayar mini da hankali.

Bari in fara da dalilin tasowar ruwan. Tiyon da ya sauko daga sinkinku wani huji ya nufa a jikin jirgin, hujin nan kuma a ƙarƙashin ruwa yake. Ko yanzu da kuke ɗaure a tasha, teku yana tsaye cikin tiyon, daidai tsayin da yake a waje. Abin da ya raba shi da tukwanenka ɗan tazarar da ke tsakanin wannan tsayi da gindin sinki ne kawai, wataƙila taƙi ɗaya, in an yi sa'a biyu. To, wannan tazara ba a tsaye take ba. Jirgi mai tsawon naku, mita 13, duk kilo 300 da aka loda masa yana ƙara nutsewa kusan santimita ɗaya. Ka lissafa ruwan sha da man dizal da gwangwanayen abinci da buhunan shinkafa da mutum biyar da kayansu, za ka ga kafin ku tashi kun riga kun cinye santimita biyar ko fiye. Sai kuma kishingiɗa. Sinkinku a jingine yake da bango, kamar mita ɗaya da rabi daga tsakiyar jirgi. In jirgin ya karkata digiri 20 zuwa wancan ɓangaren, wurin ya sauka kusan rabin mita. Ka ga ke nan bakin sinkin kansa ya koma ƙasa da teku, kuma ruwa ba zai daina shigowa ba sai an rufe masa hanya ko an juya jirgin. Shi ya sa maginan jirgi masu tunani suke kafa sinki kusa da tsakiya. Naku ba haka aka gina shi ba, sai haƙuri da lura.

A hanyarku ma abin ya fi haka. Iskar da za ta kai ku Karebiyan ta bayanku za ta riƙa busowa, jirgin kuma ba kwanciya zai yi a gefe guda ba, rangaji zai yi ta yi, dama da hagu, dare da rana. Duk sanda ya faɗa ɓangaren kicin sai ruwa ya harbo sama ta cikin tiyon.

Abin da aka tanada don wannan shi ne bawul ɗin da ke ɗaure a kan hujin, wanda muke kira sikok. Na hoton da ka aiko, mai jan kai zagayayye da ake murzawa, irin na masu aikin famfon gida ne, kuma ba shi da gurbi a ƙarƙashin ruwa. Ba ka iya dubansa ka san a buɗe yake ko a rufe. Ɗan ɓawon ƙumba ɗaya in ya maƙale a ƙasan ƙyaurensa, za ka murza har ya tsaya, ka tafi da zaton ka rufe alhali da saura. Mafi muni, sandar da ke cikinsa takan ruɓe ta karye, kan ya yi ta juyawa a hannunka lafiya lau, ƙyauren yana can bai motsa ba. Wanda ake so shi ne mai miƙaƙƙen hannu da ake karkatarwa sau ɗaya: in hannun ya bi tsawon tiyo a buɗe yake, in ya gicciye a rufe. Ko a duhu, da laluba kawai ka sani. Tsofaffin jiragen Ingila suna da wani iri mai suna Blakes, na tagulla zalla, wanda in ana kwance shi ana shafa masa giris duk shekara sai ya binne mai jirgin. Ina son su ƙwarai, sai dai tsada.

Ga gwajin da za ka yi yau ɗin nan, ba ya bukatar sifana. Ka rufe bawul ɗin, ka juye bokitin ruwa cikin sinki, ka tsaya ka kalla. In ruwan ya tsaya cak, bawul yana rufuwa. In ya fara ja da baya ko da a hankali ne, to hannun kawai kake juyawa.

Sai maganar ƙarfen kansa, a nan kuma zan ɗan daɗe, don nan ne mutane suka fi ruɗuwa. A ido duk tagulla ce, rawaya mai ƙyalli, amma iri biyu ce. Akwai wadda aka haɗa jan ƙarfe da kuza, irin kuzar da ake haƙa a Jos. Ta jiragen ruwa yawanci kashi 85 cikin ɗari jan ƙarfe ce, sauran kuza da dalma da ɗan tutiya, biyar-biyar. Wannan tana shekaru aru-aru a ruwan gishiri ba abin da ya same ta. Akwai kuma mai araha, wadda kusan kashi 40 cikin ɗarinta tutiya ce, wato zinki. Ruwan gishiri yana tsotse tutiyar a hankali, ya bar jan ƙarfen kaɗai, duk ƙofofi a ciki. Siffar abin ba ta canzawa, tiredinsa yana nan, girmansa yana nan, amma ƙarfin ya tafi. A yadinmu na gyaran jirage sau da yawa mutum yakan kama tiyo zai cire, sai bakin bawul ɗin ya biyo hannunsa, ya duba wurin da ya karye ya ga ya zama ruwan hoda, yana marmashewa tsakanin yatsu.

Za ka ce yaya aka yi masu gina jirgi suke sa irin wannan? Doka ce ta bar musu ƙofa. Tun 1998 jiragen shaƙatawa da ake sayarwa a Turai sai sun cika sharuɗɗan Tarayyar Turai, kuma ma'aunin da ya shafi waɗannan kayan, ISO 9093, a lokacin ya nemi ƙarfen ya jure shekara biyar ne ba tare da lahani ba. Shekara biyar, a jirgin da zai yi talatin ko arba'in yana yawo! Kamfanoni da dama suka ga tagulla mai araha ta isa ta haye wannan, suka yi ta ɗaura ta. Wani lokacin ko biyar ɗin ba ta kaiwa. A 1999 wani jirgin masu kamun kifi da ƙugiya mai suna Random Harvest ya cika da ruwa a tekun Brighton, nan kusa da mu. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta bi diddigi ta gano wani bututun huji ne na irin wannan tagulla ya karye bayan tutiyarsa ta zube, alhali bai cika shekara biyu da ɗaurawa ba. In kuma akwai wutar lantarki da ke zurarewa cikin ruwa, abin da ba a rasawa a tashar da ɗaruruwan jirage suka jona waya a gaɓa kamar taku, cin ƙarfen yana ƙara sauri.

A hotonka na ga wani farin gari da kore-kore ya daskare a wuyan bawul ɗin, daidai inda ya haɗu da bututun hujin. Ruwa ba ya tsami banza. Ka goge wurin da tsumma, ka haska tocila, ka nemi rubutun da aka buga a jikinsa. In ka ga CW617N, mai arahar ce. In ka ga CW602N, ko CR, ko DZR, wata ce da aka yi wa haɗi na musamman don tutiyarta ta zauna, ana iya zama da ita. Sannan ka sa bakin wuƙa ka ɗan kankare, kaɗan kawai, ka dubi launin. Rawaya lafiya, ruwan hoda ko ja-ja kuwa ta mutu. Amma ina roƙonka, muddin jirgin yana cikin ruwa kada ka buga shi da guduma, kada ka sa masa sifana, kada ka taka shi. Wannan gwajin sai an ɗaga jirgi ya hau tudu ake yi.

In an tashi canzawa, ra'ayina shi ne a yi abu ɗaya tun daga bututun huji har bakin da tiyo ke shiga. Ko dai tagulla ta gaskiya duka, ko kuma irin na roba mai ƙarfi da aka haɗa da zaren gilashi, kamar TruDesign na ƙasar New Zealand ko Marelon na Amurka. Waɗannan ba ruwansu da gishiri ko lantarki, ni yanzu su na fi ɗaura wa mutane. Abin da ba a so shi ne gauraye, wannan tagulla, wancan ƙarfe mara tsatsa, na ukun kuma wanda aka tsinto a shagon kayan famfo, domin ƙarafa mabambanta in sun haɗu a ruwan gishiri ɗaya yana cin ɗaya. A kuma lura da tiredi. Kayan Amurka suna da miƙaƙƙe suna da mai tsukewa, in aka haɗa su juyi biyu ko uku kawai suke kamawa su cije, mutum ya ɗauka ya ɗaure. Ma'aunin Amurkawa na ABYC ya ce sikok da aka ɗaura daidai ya kamata ya ɗauki nauyin kilo 227 na tsawon daƙiƙa 30 bai karye ba. Ka dubi naku ka ƙiyasta da kanka.

Wataƙila kana ganin na cika zuzuta ɗan hujin da bai fi a rufe shi da tafin hannu ba. Na sinki yakan kai milimita 38 a faɗi. In yana santimita 60 ƙasa da ruwa ya ɓalle, abin da zai shigo tsakanin lita 150 ne da 200 a minti ɗaya. Ka tuna duron da ke tsakar gidanmu, wanda 'yan garuwa suke cikawa? Kusan shi guda, kowane minti. Kafin minti shida ko bakwai tan ɗaya ya shiga, kuma jirgi yana ƙara nutsewa ruwan yana ƙara ƙarfi. Famfon hannu da ke jirginku, in ƙato ya zage, da ƙyar ya fitar da sulusin haka, kuma ba wanda zai jure rabin sa'a a kai. Na lantarki kuwa kada ka yarda da lambar da ke jikin kwalinsa. An auna ta ne ba tiyo ba hawa, a cikin jirgi in ka sami rabinta ka gode Allah, wato in batir bai riga ya nutse ba. Famfo ba ya tsere wa huji, sai dai a toshe hujin.

Tiyon ma ban ji daɗinsa ba. Farin nan ne da ake hango ruwa a cikinsa, ya riga ya koma rawaya, na kuma tabbata in ka matsa za ka ji ya sandare. Tunda teku a cikinsa yake kwana, shi ma jikin jirgi ne, don haka sai mai kauri, mai waya ko zare a ciki, wanda aka yi don ƙarƙashin ruwa. Kilif ɗaya na gani a bakinsa. A sa biyu, na ƙarfe mara tsatsa, kowane sukurunsa yana duban wani ɓangare, muddin bakin bututun yana da tsawon ɗaukar biyun, don in na biyun ya faɗa bayan baki yanka tiyon zai yi. Ka kai maganaɗisu kusa da sukurun, in ya manne da ƙarfi to ɗamarar ce kawai mai kyau, sukurun baƙin ƙarfe ne kuma shi zai fara ruɓewa. Ka kuma leƙa sama, inda tiyo ya kama gindin sinki. Sau da yawa a nan ɗan bututun roba ne sirit na kicin ɗin gida, mutane su kashe kuɗi a bawul su manta da shi.

Sai kayan da na hango a kabad ɗin: tukunyar matsi, gwangwanaye, da wata kwalbar mai. Ka kwashe su. Tukunyar nan in jirgi ya yi rangaji ta taho da gudu ta daki bawul mai ruɓaɓɓen wuya, shi ke nan. In dole sai an ajiye kaya a wurin, a kafa katako ya raba su da bawul, a bar hanyar da hannu zai shiga kai tsaye ba sai an ɗaga komai ba.

Na sinki ɗaya ne kawai daga cikin hujin da ke jikin jirgin. Ka ware yini guda, ka ɗauki tocila da takarda da biro, ka fara daga goshin jirgi har wutsiya, kana ɗaga kowane allon daɓe da kowace katifa. Za ka sami na kwamin wanke hannu a banɗaki, na shigar ruwan masai da na fitarsa, na ruwan sanyaya inji, na famfon ruwan teku a kicin, na injin tace ruwan sha in kuna da shi, da na na'urar auna gudu da ta auna zurfi. Ga kuma inda sandar farfela ta fita. Jirgi irin naku ba wuya ka ƙirga goma ko fiye. Kada ka tsallake fararen nan na roba da ke ɗan sama da layin ruwa, waɗanda rana ta gasa shekara da shekaru har suka tsattsage a wuya. Jiya a sama suke, amma da lodinku da rangaji, ƙarƙashin ruwa za su yini. Ka zana jirgin, ka sa alama a kowane huji, ka manna takardar inda kowa zai gani. Kowane bawul ka buɗe ka rufe shi sau da yawa. Wanda ya ƙi motsi kada ka tilasta masa, ka rubuta shi a jerin na canzawa. In ka gama, da dare ka kashe fitila ka sake zagayawa da laluba har hannunka ya haddace wurarensu, don ranar da za a bukace ka ruwa ya riga ya rufe su, ba kuma lallai akwai haske ba.

Kusa da kowane huji a ɗaure matoshi na katako mai laushi, mai tsini, daidai girman wurin, da ɗan igiya. Masu shirya ARC, ayarin jiragen da za ku bi, ba sa wasa da wannan. Tun da Jimmy Cornell ya fara wannan ayari a 1986 aka san su da tsananta maganar kayan tsira, kuma kafin ku tashi a ƙarshen Nuwamba mai dubawa zai hau jirginku, matosan nan suna cikin abin da zai nema. Kada ku yi don ganin idonsa, ku sayo leda guda ku jefa a durowa. Ka gwada kowanne da idonka a bakin tiyonsa. Ka bar su a bushe, ba fenti ba mai, domin amfaninsu shi ne in an buga su suka sha ruwa su kumbura su cije. Ƙaramar guduma ma ta sami wurin zama da kowa ya sani.

Dokar da nake so ka ɗora wa kanka mai sauƙi ce: in kuna tafiya, bawul ɗin sinki da na banɗaki a rufe suke, sai lokacin amfani. Ka buɗe, ka zubar, ka rufe, hannunka bai bar wurin ba. Kai ne mai girki, sinkin a hannunka yake, kai kuma za ka fi kowa taɓa shi. Ga kuma alwala. Sau biyar a rana za ka nufi kwamin banɗaki, har da asuba, ido cike da barci bayan ka sauko daga gadin dare, lokacin da mantuwa ta fi sauƙi. Shawarata ka bar kwamin nan gaba ɗaya. Ka ɗauki butarka ka hau wurin tuƙi, ka sa rigar ruwa ka maƙala igiyar tsira, ka yi alwalarka a nan, ruwan zai bi magudanarsa ya fita. Malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, ka ga ka rage wa tankin ruwan sha nauyi. Sai dai kada ka taɓa leƙawa da bokiti ka ɗebo jirgi yana gudu, bokitin zai fizge ka. Ka tara a famfon ruwan teku na kicin.

Biyu ne ba su shiga wannan doka ba. Magudanun wurin tuƙi a buɗe suke kullum, ko kun bar jirgin kun shiga gari, in ba haka ba ruwan sama da na igiya zai taru ya gangaro ciki. Na inji kuma, in an rufe shi a rataye makullin injin a hannun bawul ɗin. Wanda ya tayar da inji bawul a rufe, cikin 'yan mintuna robar famfon ruwa ta ƙone. Sauran duka, duk sanda za ku bar jirgi ba kowa, a rufe. Alƙaluman masu inshora a Amurka, irin su BoatUS, sun daɗe suna nuna cewa akasarin ƙananan jiragen da ke nutsewa a ɗaure suke a tasha, masu su suna gida suna barci.

Na san hannunka a girki, na san kuma man ja da ka ce ka samo a shagon 'yan Afirka. Kada ɗigonsa ya bi sinki. Mai in ya tarar da ruwan teku mai sanyi a cikin tiyo daskarewa yake, ya kama ƙwayar shinkafa da ganyen shayi, a kwana a tashi hanya ta toshe. Ka goge tukunya da takarda kafin wanki, ka sa 'yar rariya a maƙogwaron sinki. In ya toshe, ruwan ɗumi da sabulu da abin zuƙa na roba sun isa, ruwan khal kuma yana narkar da dutsen da gishiri ke tarawa. Ban da soda da magungunan buɗe kwata, ban da tafasasshen ruwa, ban da zura waya. Wani zai ba ku shawarar ku sa ɗan bawul mai barin ruwa ya fita ya hana shi dawowa, don a huta da buɗewa da rufewa. Ni ban yarda da shi a sinki ba. Ƙwayar shinkafa ɗaya ta isa ta tokare harshensa a buɗe, kuma ba za ka sani ba. In mai jirgin yana son gyara na dindindin, a sa famfo irin Whale Gulper ya riƙa tura ruwan wanke-wanke ta wani huji can sama da layin ruwa, a toshe na ƙasan gaba ɗaya. Huji ɗaya ya ragu ke nan.

Masai kuma nasa salon daban ne, yana iya zuƙo teku da kansa ko jirgi bai karkata ba. Ka bi tiyonsa ka tabbatar ya yi baka ya hau sama da layin ruwa da aƙalla santimita 20, kuma ɗan numfashin da ke ƙololuwar bakan bai toshe da gishiri ba.

In Allah ya ƙaddara wata rana ka sauko ka taka ruwa, abu na farko ka tsoma yatsa ka ɗanɗana. In ba gishiri, tankinku ne ya fashe, jirgi ba zai nutse ba, sai dai a yi maganar ƙishirwa daga baya. In da gishiri, ka ta da kowa da ihu, kada ka ce bari ka duba tukuna. Mutum ɗaya ya hau famfo, kai kuma ka bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya kana rufewa, ka fara da na sinki da na banɗaki da na inji. Minti biyun farko su ne naka, tun ruwan bai yi zurfin da zai ɓoye inda yake ɓulɓulowa ba. In tiyo ne ya zame, rufe bawul ya wadatar. In bawul ɗin ne ya karye, tafin hannu ko dunduniya tukuna, sannan matoshi da guduma, sannan a ɗaure matoshin da igiya kada ya fito. In ba matoshi, tsumma, tawul, dankali, duk abin da ya shiga. A juya jirgin yadda ɓangaren da ke yoyo zai ɗaga sama, ko taƙi ɗaya hujin ya tashi ruwan ya ragu.

Saura magana da kyaftin, na san kuma nan ne zai fi yi maka nauyi. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya mayar wa babba magana, ga shi kai ne ƙarami a jirgin, baƙo, mai cin albashi a hannunsa. Amma mutanen nan ba sa karanta shiru a matsayin ladabi, in ka yi shiru sun ɗauka ba matsala. Kada ka je masa da cewa yayana ya ce. Ka kira shi kicin, ka rufe bawul, ka juye bokiti a gabansa, ka haska masa wurin da ka kankare, ka bar idonsa ya gaya masa. Akwai injin ɗaga jirgi a nan tashar taku, kuma canza bawul biyu ko uku aikin yini ɗaya ne zuwa biyu, har da jiran gam ya kama. Sai dai a kama layi da wuri, don mako biyun ƙarshe kafin tashi kowa rububin wurin yake. Kuɗin bai kai na filafili ɗaya ba. In ya ga ruwan hoda da idonsa ya ce duk da haka a tafi, to ka sauke jakarka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A watan Nuwamba za ka iya neman wani jirgin da ke bukatar mai girki a Las Palmas, kuɗin masauki kuma ni zan aiko maka.

Ka aiko mini da hoton wurin bayan ka kankare, da rubutun da ke jikin bawul ɗin, da zanen da ka yi, in duba ko ka tsallake wani. Ina jira kafin Lahadi. Ka kira Hajiya ta sa maka albarka kafin ku kwance igiya. Allah ya tsare, ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya.

Naka,
Yayanka.